Abin da Aka Kulle a Akwatin Wutar Inji na Uku

Daga:
Mai sarrafa injin zare na uku, aikin safe,
Sashen Narka Roba,
Masana'antar Saƙa Buhu.

Zuwa ga:
Shugabar Sashen Kariya daga Haɗari,
Ta hannun Shugaban Sashen Ma'aikata.

Litinin, 3 ga Yuni, 2024.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: TAKARDAR TUHUMAR DA AKA BA NI RANAR 30 GA MAYU, DA KUMA KWAƊUNAN DA AKA SAKA WA AKWATUNAN WUTA NA TEBURAN SARRAFA INJI

Ina gaishe ki gaisuwar girmamawa, ke da duk ma'aikatan ofishinki, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya. Idan ba ki gane mai rubutun ba, ni ne dattijon da ke tsaye a teburin inji na uku, wanda 'yan sashenmu ke kira Baban Uku, wanda ranar da kika zagayo kika ce ya gyara zaman hular kwanonsa. Na gyara, har yau kuma tana nan yadda kika ce.

Shekarata talatin da ɗaya a wannan masana'anta, ashirin da shida daga ciki a gaban wannan inji, kuma ƙarshen watan Oktoba mai zuwa zan yi ritaya in Allah ya kai mu. A duk tsawon shekarun nan fayil ɗina bai taɓa ɗaukar takardar laifi ko guda ba. Sai ranar Alhamis da ta wuce aka miƙo mini takardar tuhuma, aka ce in amsa cikin kwana bakwai, in amsar ba ta gamsar ba ta zama gargaɗi a rubuce, ta shiga fayil ta zauna. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan: ba na so ta zauna. Ga yadda al'amarin ya faru, daki-daki, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawonsa.

1. Da farko ina so a rubuta a ajiye cewa ni ba na faɗa da kwaɗo. Akwai masu gunaguni a ɗakin hutu cewa an mai da mu yara, an kulle mana akwatin da muka girme shi. Ba na cikinsu. A shekarata ta tara a nan, ina tsaye taku huɗu tsakanina da abokin aikina da muke kira Mai Fito, injinsa ya tsaya, ya durƙusa ya buɗe akwatin wutar da ke ƙarƙashin teburinsa, ya zura hannu zai tayar da shi kamar yadda kowa ke yi a wancan zamani, hannun rigarsa a jiƙe. Ƙarar da na ji ranar, har yau in faranti ya faɗi a gida sai na zabura. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma hannun damansa bai sake riƙe cokali ba, fiton ma ya daina. Ni na kwashe takalmansa na kai wa iyalinsa. Saboda haka ranar da na ji sanarwarki cewa daga yanzu babu mai buɗe akwatin wuta sai mai gyaran wuta, cewa na yi a raina an makara da shekara ashirin da biyu, amma madalla.

2. Sai kuma wata gaskiya da ba a rubuta a sanarwa ba. Teburin sarrafa inji samansa maɓallai ne da allon da ke nuna zafi, ƙasansa kuma, daidai gwiwar mutum, akwatin ƙarfe ne mai ƙofa inda wayoyin wuta suka taru. Na san kin fi ni sanin wannan. Abin da wataƙila ba a gaya miki ba shi ne cikinsa da ɗumi, ba ƙura, ga shi kusa da hannu. Tun kafin a haifi wasu da ke zaune a ofis yanzu, ma'aikata suka mai da shi kabad. Wani kular abinci yake sakawa don kada ya huce, wani hula yake shanyawa, wani ya jona cajar waya. Don kada a ce dattijo ya wanke kansa ya bar yara a ciki, ni ma na shanya safa a wurin, damina ba ɗaya ba, ba biyu ba. Bayan abin da ya sami Mai Fito na daina kai hannu wajen wayoyi, amma safar ban daina ba sai bana. Ba daidai ba ne, na sani, kuma na faɗa da bakina.

3. Ranar Litinin, 6 ga Mayu, aka liƙa sanarwarki a allo. Shugaban layinmu na safe ya tara mu ya karanta mana ita da babbar murya, har ya ƙara da nasa, cewa duk wanda aka kama da ko tsinke a cikin akwatin wuta ya kuka da kansa. Muka ce mun ji. Sanarwar ba ta faɗi ranar da za a kulle ba. Ranar Alhamis, 9 ga Mayu, da ƙarfe goma sha biyu da rabi, lokacin da mutane suka fita hutun rana, ɗan kwangila ya shigo da jakar kwaɗuna, ya bi akwatuna goma sha ɗaya ya garƙame su kafin a dawo. An yaba masa saurin aiki. Ni ma na yaba, don duk saurin nan nasa ya samu ne saboda bai tsaya leƙa cikin ko ɗaya ba.

A wannan rana ba na wurin aiki. Ina asibitin ido da izinin Sashen Ma'aikata, katin yana haɗe da wannan takarda. Ina roƙon a lura da wannan.

4. Tsarin makulli kuwa ga yadda aka yi shi. Makulli biyu ne ga dukkan akwatunan. Ɗaya yana aljihun babban mai gyaran wuta, wanda muke kira Dogo, duk inda ƙafarsa ta je nan makullin yake. Ɗayan yana cikin aljihun teburin manajan aiki. Kuma ko an sami makulli ba a buɗewa sai an cika fom mai layi bakwai, ke kin sa hannu. Layi na huɗu a fom ɗin yana tambayar dalilin buɗewa. Ina roƙon a riƙe wannan layi na huɗu a rai, za mu dawo kansa.

5. Ranar 16 ga Mayu na rubuta a littafin miƙa aiki cewa wani wari yana fitowa daga ƙasan teburina, kuma ba na inji ba ne. Ranar 21 na sake rubutawa. Amsar da aka rubuta a gefe kalma ɗaya ce: ɓera. Aka turo mai shara ta share ƙarƙashin inji, aka zuba magani, aka ɗana tarko biyu. Tarkon bai kama komai ba sai yatsan mai inji na huɗu. Babu wanda ya ce a buɗe akwati a duba, don buɗewa sai da fom, kuma ba wanda yake so ya je ofishinki ya tsaya yana bayanin ɓera.

6. Yanzu ranar da ake tuhumata a kanta, Talata, 28 ga Mayu. Ina da wata ɗabi'a tun da daɗewa: lokaci-lokaci nakan ɗora bayan hannuna a ƙofar akwatin, in kasa kunne ga fankar da ke ciki, in sunkuya in shinshina ta ramukan iska. Samarin sashenmu suna yi mini dariya, suna cewa Baba yana gaida akwatinsa. Da ƙarfe goma da minti ashirin na ɗora hannu na ji ƙofar ta yi zafin da ba nata ba, fankar da ke tafiya shuu ta koma kar-kar-kar, ga kuma warin ƙuna. Na kira shugaban layi. Ya zo ya tsaya daga nesa ya ce, “Baba, masana'antar roba ce fa, ina ne ba ya warin roba?” Na ce masa robar da muke narkawa na san warinta kamar yadda na san warin rigata, wannan baƙuwar roba ce, kuma ba a cikin inji take ƙuna ba. Ya ce in dakata a nemo Dogo. Na lura gumi ya karyo masa alhali fanka na kaɗawa a kansa, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Na dakata kamar yadda ya ce. Da ƙarfe goma da minti ashirin da bakwai na ga siririn hayaƙi yana fita ta ramukan iska. Na danna jan maɓalli, na je bango na sauke babban makunnin wutar injin, na ɗauko tukunyar kashe gobara na tsaya da ita a gaban akwatin.

Ranki ya daɗe, a aljihuna akwai sifana. Kwaɗon nan kuma, ba don in raina kayan kamfani ba, bugu ɗaya ya ishe shi. Mai inji na huɗu har yana cewa, “Baba, fasa mana mu gani!” Na ce masa ya koma bakin aikinsa. Ban taɓa kwaɗon ba, saboda sanarwarki ta ce kada a taɓa, ni kuma na ga hannun Mai Fito.

7. Neman makulli ya kasance kamar haka. Dogo an aike shi gari sayen kayan gyaran inji na bakwai, makulli na aljihunsa. Aka hau sama wurin manaja, sakatariyarsa ta ce yana cikin taro, kuma an ce mata kada kowa ya shiga, don taron mai muhimmanci ne, na kariya daga haɗari ne. Ke ma kina ciki, ranki ya daɗe. An gaya mini daga baya cewa a daidai lokacin kina bayanin nasarar da aka samu wajen kulle akwatuna, har an tafa. Da ina wurin da ni ma na tafa, sai dai hannuwana biyu suna riƙe da tukunyar kashe gobara.

Dogo ya dawo ƙarfe goma sha biyu da minti biyar. Aka cika fom, aka tsaya a ƙofar taro har kika fito kika sa hannu ƙarfe goma sha biyu da minti ashirin. Kafin nan robar da ke cikin injin ta huce ta daskare, kuma kowa ya san in ta daskare sai an sake ɗumama ta a hankali. Inji bai tashi ba sai ƙarfe uku da minti goma. Takardar tuhuma ta ce na tsayar da aiki awa biyar. Saura minti goma sha bakwai a cika biyar ɗin, amma ba zan ja a kan wannan ba.

8. Da aka buɗe, sai ga kular abinci shuɗiya. Girgizar inji ta yi ta tura ta kullum kaɗan-kaɗan har ta jingina da fanka ta toshe ta, murfinta ya narke ya ɗiga a kan wayoyi, fatar waya biyu ta ƙone. Dogo ya ce da an ƙara minti goma wuta na tafiya, da ba fom za mu nema ba, motar kashe gobara za mu nema. Ya sa filaya ya ɗago ta, sauran murfin ya ɓalle, sai ɓeran da muka yi mako biyu muna farauta ya bayyana: shinkafa ce da ta kwana goma sha tara a ɗumi. Wuri ya watse. Manajan aiki, wanda ya sauko da niyyar yi mini faɗa, ya toshe hanci da gefen rigarsa ya yi faɗan daga bakin ƙofa. Dogo ya ɗaga kular sama ya ce, “Jama'a, waye mai wannan dukiya? Ya zo ya karɓa tun da zafinta.” Ba wanda ya amsa. Sai mai shara ta ce ita dai ta taɓa ganin Baban Uku ya shigo da irin wannan kula a hannu. Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba na riƙe ta a zuciya.

9. Takardar tuhumar da manajan aiki ya rubuta, shugaban layi ya sa hannu, tana ɗauke da laifi biyu: cewa na tsayar da inji ba da izinin shugabana ba, da cewa na ajiye kaya a cikin akwatin wuta har ya jawo ɓarna.

A kan na farko amsata gajeriya ce. Layi na biyar na sanarwarki ya ce duk wanda ya ga alamar haɗari ya tsayar da inji ya kira mai gyara. Bai ce ya nemi izini ba. Hayaƙi na gani. In hayaƙi ba alamar haɗari ba ne, ina roƙon a rubuto mana abin da yake alama, mu liƙa a bango mu haddace.

10. Na biyun ne ya hana ni sakewa tun ranar, don amsarsa ta bi ta cikin gidana. Kular daga gidana ta fito. Tun Dogo bai gama ɗago ta ba na gane ta, saboda bara hannunta ya karye na ɗaure shi da wayar jan ƙarfe, zagaye uku, da hannuna. Ta mai ɗakina ce. Ranar Laraba, 8 ga Mayu, ta zubo abinci a ciki ta ce in kai wa 'yarmu da ba ta jin daɗi, ta hannun mijinta, tunda wuri ɗaya muke aiki. Ranar ce mai shara ta gan ni da ita. Na miƙa masa a bakin ƙofar shiga. Washegari Alhamis yarinya ta ji sauƙi, ta wanke kula ta zuba wa mijinta abincin rana ya taho da shi. Ni ina asibiti an ɗiga mini magani a ido, ko yatsana ba na gani sosai. Da yake ba na nan, shi ya tsaya a teburina ranar.

Mijin 'yata, kamar yadda Sashen Ma'aikata ya sani, tunda ni na kawo shi na koya masa aiki shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi ne shugaban layinmu na safe. Shi ne mai babbar muryar da ta karanta mana sanarwa. Sa hannunsa ne a ƙasan takardar tuhumata.

Abin da ya faru, kamar yadda ya faɗa mini da bakinsa, ya saka kular a akwati da safe bisa sabo, da niyyar ɗauka in an tashi hutu. Ana tashi aka kira shi ofis. Ya dawo ya tarar da kwaɗo. Daga nan hanya ɗaya ta rage masa: ya cika fom, ya kawo miki, ki karanta layi na huɗu. Mutumin da kwana uku kafin nan ya tsaya gaban mutum arba'in yana maganar tsinke, ya rasa abin da zai rubuta a wannan layi. Ya ce kullum sai ya ɗauki fom ɗin ya cika layi uku, in ya zo na huɗu sai ya ninke ya mayar aljihu, ya ce gobe.

A gida kuma ni nake biyan kuɗin shirunsa da kunnena. Mai ɗakina ta aika a tambayi kula, 'yarmu ta tambayi mijinta, ya ce mata tana wurin aiki. Bai yi ƙarya ba, tana wurin aiki, daidai gwiwata. Mai ɗakina ta ji an ce wurin aiki, ta yanke hukunci cewa an ba ni na mance da ita. Kwana goma sha tara ana tuna mini cewa na tsufa, ana mamakin yadda kamfani ya ba wa mutumin da ya kasa riƙe kula amanar inji.

11. Za a tambaye ni dalilin da ya sa na yi shiru ranar da Dogo ya ɗaga ta sama. Ba zan iya tsinka mijin 'yata a gaban mutanen da yake shugabanta ba. Na kuma zaci zai yi magana da kansa. Ranar Alhamis, 30 ga Mayu, ya zo ya ajiye takardar tuhumar a kan teburina a kife, idonsa a ƙasa, ya ce, “Baba, daga sama ne.” Na juya ta na duba, na ce masa na ga daga sama ne, amma wannan sa hannun kamar na san shi. Ya juya ya tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Yaro ne mai hankali da ƙwazo, bai taɓa ɗaga mini murya ba, 'yata ba ta taɓa kawo ƙararsa ba. Tsoro ne ya kama shi, ya ga manaja yana huci, bakinsa ya mutu.

Ranar Asabar da yamma sai ga shi a gida. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi gaisuwar da ban taɓa jin mai tsawonta ba. Ya tambayi ido, ya tambayi ƙafa, ya tambayi zafi, har ya kusa tambayar lafiyar keken da na sayar bara. Sannan ya faɗi komai a gaban mai ɗakina. Na ɗauka za ta tambayi wutar da ta kusa tashi, ko takardar da ke neman shiga fayil ɗin mijinta. Tambayarta ɗaya: “To murfin fa?” Da aka ce ya narke ta yi salati. Haƙuri kuwa har yau ba ta ba ni ba, ta ce ai dai a akwatina aka same ta.

Ya ce Litinin zai je wurin manaja ya faɗi gaskiya shi kaɗai. Na hana shi. Na ce in ya je haka, takardar za a ɗauke daga kaina a zura a fayil ɗinsa, kowa ya kaɗe hannu ya ce an gama, alhali ba a gama ba. Na ce ya bari in rubuta zuwa gare ki, shi kuma ya karanta ya sa hannu a ƙasa, tunda hannun nasa bai da wuyar sawa.

12. Abin da ya sa na ce ba a gama ba shi ne akwati ɗaya aka buɗe, saura goma. Ba zan kama sunan kowa ba. Amma akwai wanda tun 9 ga Mayu yake yawon aron caja. Akwai wanda tun ranar nan, da takalmin aiki yake komawa gida. Akwai wanda a da ba ya rabuwa da ƙaramin rediyonsa, yanzu ya ce wai ya daina son labarai. Duk cikinsu babu wanda ya cika fom. In aka hukunta mutum ɗaya a kan kula, sauran za su ƙara kame bakinsu, kayan kuma suna nan kusa da wayoyi, inji yana girgiza su kullum.

Bisa ga abin da na zayyana, ina roƙon ofishinki cikin ladabi da ya yi waɗannan:

(a) A janye takardar tuhumar 30 ga Mayu gaba ɗayanta kafin ranar Alhamis, 6 ga Yuni, kada ta shiga fayil ɗina.

(b) A sa rana ɗaya a kashe wuta, Dogo ya buɗe sauran akwatuna goma a gabanki, a fitar da duk abin da ke ciki a zuba a kwali a ajiye a ɗakin hutu, kowa ya ɗauki nasa ba tare da an tambaye shi ba. Bayan wannan rana duk wanda aka kama, ko ni ne, a hukunta shi.

(c) A sanya wanda ya saka kular cikin wannan afuwa. Laifin ajiyewa mun yi tarayya da shi mu duka. Laifin shirun kuwa a bar mini shi, a gida za mu ƙarasa, kuma surukarsa ta riga ta fara.

(d) A samar da makulli na uku da ba ya fita daga sashenmu, a hannun mai gyaran wutar da ke bakin aiki a kowane lokaci, a kuma yarda in akwai hayaƙi ko warin ƙuna ya kashe wuta ya buɗe, fom ya biyo baya. Ni kada a ba ni makulli. Ban nema ba, kuma ko an ba ni ba zan karɓa ba.

(e) A rubuta a fili cewa ba za a tuhumi mai inji ba don ya danna jan maɓalli a kan alamar haɗari. Samarin da na koya wa aiki suna kallon abin da zai same ni. In takardar nan ta zauna, ranar da ɗayansu ya ga hayaƙi zai tsaya lissafin fayil ɗinsa kafin ya kai hannu, wuta kuwa ba ta jira.

(f) A kafa kantar ajiye kaya da wurin jona caja da abin ɗumama abinci a ɗakin hutu. Mutane ba don taurin kai suka mai da akwatin wuta kabad ba, wurin ajiya ne babu.

(g) In an gama bincike, a sako mini abin da ya rage na kular daga sito. Mai ɗakina ta ce cikinta ƙarfe ne, yana wankuwa.

Ranki ya daɗe, ranar da aka ɗauke ni aiki an buɗe mini fayil babu komai a ciki sai takardar ɗauka da hotona ina da baƙin gashi. Wata biyar suka rage mini. Ba na neman lambar yabo ko a tara mutane a tafa mini. So nake in miƙa hular kwanona in fita ta ƙofar da na shigo, wanda ya buɗe fayil ɗin bayana ya tarar ba a ƙara komai ba sai shekaru. Kwaɗonki na girmama shi lokacin da hayaƙi ke fita ta bayansa. Ina fatan za a duba wannan.

Ina neman afuwa in wata kalma ta yi kaifi, ba da niyyar raini ba ne. Allah ya ƙara miki basira a kan wannan aiki, ya tsare mu baki ɗaya.

Naki cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Baban Uku,
Mai sarrafa injin zare na uku.

Abubuwan da ke haɗe: katin asibitin ido na 9 ga Mayu, kwafin shafi biyu na littafin miƙa aiki, na 16 da na 21 ga Mayu, kwafin takardar tuhuma.

Shaida:
Na karanta wannan takarda daga farko har ƙarshe, yadda Baba ya faɗa haka aka yi. Kular ni na saka, ba shi ba. Ina roƙon a cire sa hannuna daga takardar tuhumarsa. Fom ɗin da ya kamata in kawo tun 9 ga Mayu na cika shi yau, ga shi a haɗe. A layi na huɗu na rubuta: abincina yana ciki.

(sa hannu)
Shugaban layi, aikin safe.